Jemagun Kogon Malam Maharazu

Malam Maharazu manomi ne a wani ƙauye bayan Rurum Sabon Gari. Shekarunsa sittin da biyu, gonarsa ɗaya ce, a gindin dutse, ƙasar duk tsakuwa. Amma dawarsa har mutanen Zurgu kan tsayar da babur su kalle ta. Sirrin yana cikin kogon da ke saman gonar. Tun zamanin mahaifinsa, kowace bazara ake shiga da buhuna a kwaso kashin jemage a zuba wa gonar.

Kogon ɗaki uku ne. Na farko kowa na shiga, makiyaya ma a nan suke fakewa idan ana ruwa. Na biyu sai an sunkuya. Na uku sai an ja ciki, kuma a nan jemagun suke haihuwa. Dokar mahaifinsa a kansa uku ce: ba a shiga da wuta, ba a magana, ba a kai baƙo.

A daminar 2021 ɗan ƙanwarsa Adnan ya zo daga Kano da abokansa biyar, yawon buɗe ido. Suka ci tuwo a gidansa, ya kai su ɗaki na biyu, ya ce nan ne iyaka.

"Haba Kawu," in ji Adnan, "rowar kogo za ka yi mana? Ko aljanunka ba sa son 'yan birni?"

"Ba aljanu ba ne. Masu jego ne a ciki."

"To ai sai mu shiga barka!"

Suka fashe da dariya. Malam Maharazu ya ji kunyar hana baƙin da suka ci abincinsa, ya wuce musu gaba zuwa ɗaki na uku. Suka haska wayoyi, suka ɗauki bidiyo.

Bidiyon ya bazu a waya. Bayan mako uku motoci suka fara zuwa, kowace Asabar, da kiɗa, da gashin nama a bakin kogon, hayaƙi na shiga ciki. Ya roƙe su, suka ɗauki hoto da shi. Ya kai kuka wurin mai unguwa.

"Malam, dutse na Allah ne," in ji mai unguwa. "Kuma wa ya nuna musu hanya?"

A bazarar 2023 ya shiga da buhu shida, ya fito da rabin ɗaya. Bara dawarsa iya ƙugu ta tsaya. Adnan bai sake zuwa ba.

Ya san inda jemagun suka koma. Ya bi su da ido da magariba, ya taka har wani dutse wajen Durba, ya ga ƙofar kogon da suka shiga. Gonar wani ce a gindinsa.

Watan jiya wata mata ta tsayar da mota a bakin gonarsa.

"Baba, ina jemagun da muka gani a waya?"

"Sun tashi, Hajiya."

"Zuwa ina?"

Ya sunkuya ya ɗauki fartanyarsa.

"Ban sani ba," ya ce.