Tarihin Uwar Kwalabe da Lakar da Ta Busar

An haifi marigayiyar, wadda ɗalibanta suka laƙaba wa Uwar Kwalabe, a shekarar 1951 a wani ƙaramin gari na bakin kogi. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta kuwa tela.

Karatu

Tun tana firamare malamai suka shaide ta da nisan tunani, domin takan cika kwalba da ruwan kogi, ta zuba masa ido har lakarsa ta kwanta, darasi kuwa ya wuce ta. Ta kammala digiri a kimiyyar sinadarai a 1974, ta sami na dakta a 1981.

Aiki da aure

Fanninta a jami'a shi ne tatsar ƙarafa daga ƙasa mataki-mataki: a jiƙa ƙasar da ruwan gishiri a tace, sannan asid mai sauƙi, sannan mai ƙarfi, domin a bambance dalmar da shuka ke iya sha da wadda ke ɗaure ba ta motsi. A 1982 ta auri wani malamin lissafi, wanda yakan ce shi da kwalabe aka ɗaura wa aure, ita shaida ce kawai.

Rahoton 1984

A wannan shekara aka ɗora mata binciken lambunan da ke kusa da wata masana'antar batir. Saboda gaggawa, ta busar da lakar lambunan a tanda kafin tatsa. Sakamakon ya nuna dalma mai yawa tun a matakin farko, hukuma ta killace filin, aka tashi manoma arba'in da biyu. Sai a 1991 ta gano cewa zafi da iska ne suka kwance dalmar. A jiƙe, ɗaure take. Ta yi baƙin cikin da bai taɓa barinta ba.

Shekarun ƙarshe

Daga nan ta riƙa maimaita gwajin da ɗanyar laka kowace shekara, tana aika wa hukuma sakamakon, ko amsa babu. Ta yi ritaya a 2011, amma ba ta fasa ba. Da hantsi akan gan ta a jikin wayar shingen filin, tana nuna wa jikokinta kunyoyin da babu su, nan latas, can karas, har da mai ban ruwa. In 'ya'yanta suka ce ta huta, sai ta ce, "Ku ƙyale ni. Ni na kori manoman, ni zan dawo da su."

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar 3 ga Maris, 2016, aka yi jana'izarta a ranar. Allah ya jiƙanta. Bayan kwana goma sha tara takardar izinin buɗe filin ta iso. Ta bar 'ya'ya uku: babbar, ma'aikaciyar jinya, na tsakiya, injiniyan ruwa, da auta, mai ɗaukar hoto. Su ne suka bi gida-gida da takardar. Cikin manoman, huɗu suka tarar da rai, kuma ɗaya ne kaɗai yake iya riƙe fartanya. Ya ce a kai shi filin.