Littafin da Bangonsa Ya Yaudare Ni

Ko da zan manta komai na ƙuruciyata, ranar da aka kawo sababbin littattafai ɗakin karatu na garinmu Bagudo ba za ta fita daga raina ba. Abin da idona ya fara faɗawa a kai, cikin kwalin da aka buɗe, bangon wani littafi ne: mace zaune a gindin bishiya, namiji ya durƙusa yana riƙe da hannunta. Ni kuwa a lokacin littattafan soyayya na kasuwa su ne abincina. Nan take na raɗa musu suna a zuci, har na tsara yadda za su rabu su sake haɗuwa.

Na ce wa dattijon da ke kula da wurin, "Malam, wanga nika so."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi dariya. "Ɗiyata, kayan ga babu 'ya ke masoyiyata' ciki. Noman shinkafa ne, da kiwon kifi, da lafiya. Amma tahi da shi, ki karanta."

Sai da na isa gida na gane littafin kula da masu juna biyu ne. Haushi ya kama ni, amma na ci gaba da buɗawa, ina neman inda namijin zai yi magana. Bai yi ba. Abin da na iske shi ne wani shafi da ya ce kumburin fuska da hannuwa, da ciwon kai mai naci, da ganin walƙiya a ido, alamun hawan jini ne, kuma yana iya tafiya da uwa da abin da ke cikinta.

Yayata tana gida a lokacin, ta zo goyon cikinta na fari daga ƙauyen mijinta, can kusa da iyakar Benin. Fuskarta ta cika, zobe ya daina shiga yatsanta. Amma a wurinmu mai cikin fari ba ta ambaton cikinta, balle ta yi ƙorafi. Kunya ce.

Na same ta a ɗaki. "Yaya, kanki na ciwo?"

"Rufe min baki, marar kunya." Ta juya fuska bango. Can ta ce a hankali, "Ya daɗe. Har taurari nika gani da rana."

Na ruga wurin Inna. Ta ce, "Tagwaye ne. Ni da na haife ku duka, littafin soyayyarki zai koya min ciki?"

Na tsaya tsakar gida ina kuka, ina karanta shafin da ƙarfi. Mahaifinmu ya jiyo daga zaure, ya leƙo ya ce, "Ku ɗauko wa yayarta mayafi, mu tahi asibiti. In ƙarya ne, mu dawo mu yi wa wagga dariya."

Ba a yi dariyar ba. Ma'aikaciyar asibiti na gwada jinin Yaya ta hana ta komawa gida. A can ta haihu, jaririya 'yar mitsitsiya kamar kwalbar turare.

Har gobe ina yi wa dattijon nan addu'a, da duk wanda ya aiko da kwalayen, ko da ban san shi ba. Na koyi cewa kunya ado ce, amma ba a rufe ciwo da ita. Yarinyar tana sakandare yanzu, ta fi uwarta tsawo, kuma ko sauro ya cije ta sai duk gida ya ji.