Ranar Da Ruwa Ya Watsa Duwatsunmu

Shekarun baya, da na gama lakwal, wato makarantar boko, na dawo garinmu Garhanga, aka ɗora ni kan aikin farfaɗo da wani fako a bayan gari. Ana jera duwatsu a gicciye su tare ruwa, sannan a haƙa ramukan shuka a zuba taki. Maza duk sun tafi ci-rani, mata ne ke aikin, har da mahaifiyata. In fakon ya rayu, gidajen da ba su da gona za su samu inda za su shuka hatsi.

Ni a lokacin na ɗauka shugabanci ɗaure fuska ne. Na hana waƙa a wurin aiki, wai tana cin lokaci. Na kawo igiya na ja layi miƙaƙƙe sak. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, ƙasag ga ta karkata, mu bi kwanciyatta." Na ce ai ni na yi karatu.

Ruwan fari na sauka, ya taru wuri guda, ya ɓalle layin, ya watsa aikin wata biyu cikin kwari. Washegari matan suka zo suka ga ɓarnar, wasu har sun ɗauki kwandunansu za su koma gida. Ni kuwa ina ta neman wanda zan ɗora wa laifi, ban samu ba.

Sai mahaifiyata ta fashe da dariya. "Mushe, ruwan ga bai shiga lakwal ba, ina ya san igiya!" Mushe, da Faransanci, shi ne yadda ake kiran ɗan boko a wajenmu. Ta aza dutse a ka, ta ɗauko waƙa tana zolayata, matan suka amsa. Tsohuwar ta zana sabon layi da sandarta, a karkace. Babu wadda ta tafi. Ni ma na sunkuya na ɗauki dutse, ina jin sunana cikin amshi.

A hanyar gida na ce ta kunyata ni a gaban mutane. Ta ce, "In ban yi dariya ba, tahiya za su yi. Ni ma kuka ya taso min, na haɗiye shi."

Bayan damina biyu fakon ya ba da hatsi. Kunyar ta daɗe da wucewa. Amma har yau in aiki ya lalace a hannuna, na san mutane fuskata suke fara dubawa kafin su dubi ɓarnar.