Tsinken Desanka da Madarar Kum

Shekara ashirin da shida Desanka tana karɓar madarar ƙauyenmu a rumfar da ke bayan coci. Da can harshenta ne ma'auni, digo ɗaya za ta lasa ta gane ko an ƙara ruwa. Da kamfanin da ke sayen madarar ya kawo tsinken gwaji, ɗan siririn abu mai furotin a baki wanda ke cafke ragowar maganin allurar shanu, sai ta riƙe shi hannu bibbiyu. Bokiti ɗaya mai magani na iya ɓata tankin gari duka, motar kamfani ta juya ba ta ɗauka ba.

Wata Alhamis sai ga Milisav da bokitinsa. Shi ne kum ɗin gidansu, wato shi ya raɗa wa 'ya'yanta suna a coci, kuma ran Lahadi shi zai raɗa wa jikarta. A wajenmu ba a musu da kum.

Ta tsoma tsinke, layin da ke jikinsa ya dushe, alamar akwai magani.

"Kum, ka yi wa saniya allura?"

"Jiya-jiya, ɗan kumburin nono ne. Zuba mana, ke!"

"Ba na zubawa. Sai ta kwana biyar."

"Ni za ki tozarta saboda tsinken sakace? To ki nemi mai raɗa wa jikarki suna!"

Ka ji rashin ta ido! Kuma mutanen da ke layi, waɗanda ta tsirar da madararsu, su ne suka fara cewa ba ta da kunya. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Ran Asabar da hantsi Milisav ya shigo gidanta da tulun madara, wai na mai jego ne, a bar kaza cikin gashinta. Ɗanta ya zuba masa barasar da muke kira rakiya, yana ta yi wa uwar ido ta karɓa kawai. Desanka ta dubi surukarta tana shayar da jaririya. Saniya ɗaya tal Milisav ke da ita, allurar kuma kwananta uku.

Ta sa hannu a aljihu ta zaro tsinke. Kafin ta tsoma, Milisav ya ɗauki hularsa ya fice.

Ran Lahadi limamin coci ya jira kum har ya gaji, ya buɗe kalandar waliyyai ya zaɓo wa yarinya suna. Litinin da asuba Desanka ta buɗe rumfa, waɗanda suka zage ta suna layi da bokitai, babu wanda ya gaishe ta.