Fayil Biyu na Yendi

Shekara huɗu na yi ina aiki da wani safiyo, mai awon ƙasa, a Salaga. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma ina da haƙuri da kwamfuta, shi ya sa ya ba ni aikin jera fayil. Na'urorinmu suna sauraron taurarin ɗan'adam su rubuta abin da suka ji. Ni kuma in kwashe, in ware wa kowace rana jakarta, in sa wa kowane fayil sunan gari da lambar rana, in rubuta tsayin na'ura daga ƙusar alama da aka kafa a ƙasa. Manhajar da ke yin lissafin ba ta tambaya. Abin da ka ba ta, shi take ɗauka.

Aka ba mu aikin kafa alamu uku, a Salaga da Yendi da Bawku. Sharaɗin shi ne na'urori ukun su saurara lokaci ɗaya, daga hantsi zuwa la'asar, kada kowa ya taɓa su. Maigida ya tsaya a Salaga. Bawku aka bar wa wani dattijo da ya girme mu duka, mai tsohuwar na'ura. Ni aka tura Yendi.

Ƙusar Yendi tana gefen wani ƙaramin masallaci. Ranar kasuwa ce, masu doya daga Bimbilla suka cika shi da azahar, sahu ya fito waje, na'urata tsaye kan ƙafa uku a gabansu. Liman ya leƙo.

"Ɗana, wannan zalɓen naka ne zai ja mu salla?"

"Baba, ba a taɓa shi."

"Mu ma alƙiblarmu ba a taɓa ta. Matsar da shi kaɗan."

Aka yi dariya. Sa'an mahaifina ne, ban iya yi masa musu ba. Na kashe na'urar, na ɗaga ta, na bi jam'i. Da aka sallame na mayar da ita da ido kawai, ban sake auna tsayi ba, na kunna.

Da na koma Salaga na tarar da fayil biyu na Yendi, na safe da na yamma. Na san ƙa'ida: kowanne da sunansa, kowanne da tsayinsa. Amma yin haka zai nuna na ɗaga na'urar. Sai na haɗa su wuri ɗaya, na ba su suna ɗaya da tsayin safe. Har da bisimilla na yi, Allah ya yafe mini.

Lissafi ya ƙi daidaita. Maigida ya dubi allo ya ce, "Tsohon nan ne. Na daɗe ina cewa idonsa ya tafi." A gabana ya kira shi a waya, ya ce ya dawo da kayan aiki ya je ya huta. Ina jin muryar dattijon yana cewa sau uku ya auna. Na ci gaba da shan kokona. Kwana uku ban ce uffan ba.

A rana ta huɗu dattijon ya iso daga Bawku da akwatin na'ura a kafaɗa. Ya ajiye mini ƙullin albasa ya ce in kai wa iyali, ya miƙo littafinsa na fili don in saka a ma'ajiya. Na buɗe. Kowace sa'a ya rubuta wani abu. Iska ta taso, ban taɓa ba. Akuya ta matso, na kore ta. Na yi azahar a nan gefe, ina ganin na'urar.

Maigida yana da doka, ba a goge fayil na asali. Na buɗe jakar da na asalin suke ciki, na juya masa kwamfutar, na faɗi abin da na yi tun daga maganar liman. Ya jawo kwamfutar gabansa. Ya cire fayil ɗin yamma, ya sa na safe kaɗai, lissafi ya zauna daidai.

"Da ni liman ya ce wa, ni ma zan ɗaga," in ji shi. "Sai in rubuta na ɗaga."

Ya tashi ya mayar wa dattijon akwatinsa da hannu biyu, ya ba shi haƙuri. Ni aka ce in koma Yendi in sake aikin, kuma daga ranar duk fayil ɗin da na jera sai dattijon ya duba shi da littafin fili kafin ya shiga manhaja.

Na bi shi har tasha, na durƙusa na nemi gafara. Ya ce ya yafe, amma kwana ukun nan sun yi masa tsawo. Na miƙa masa albasar, don na ji ban cancance ta ba.

"Riƙe," ya ce. "Ai ba kai na kawo wa ba, iyalinka na kawo wa."