Ƙwaryar da Aka Fafe wa Ƙafar Maigidana

Shekarar da ciwon suga ya ci ƙafar maigidana, likitoci suka yanke ta ƙasa da gwiwa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana taka layin dogo yana duba ƙusoshi, shi ne ya koma zaman kujera a baranda. Bai yi kuka ba. Abu ɗaya ya roƙa: ranar godiyar kaka a coci, ya kai kwandon cittarsa gaban bagade a tsaye, kada a ɗauke shi kamar buhu.

'Yarmu ta fari, wadda ta karanta injiniya, ta zo daga Kaduna da kwamfutarta. Ta ce akwai mai haɗa ƙafar roba a can, zai ba da ƙarfen da tafin, amma wurin da dungun zai shiga sai an yi shi daidai da jikin mutum. Wannan ita za ta yi.

Ta yi ta zagaya dungun da wayarta tana ɗaukar hoto. Uban yana tsokanarta, wai tun ranar aurenmu ba a yi masa hoto haka ba, yau ma ba fuskar ake so ba. Ni ban yi dariya ba. Ina bakin ƙofa ina kallo.

Da ta buɗe kwamfutar sai ga dungun a ciki, toka-toka, cike kamar doya, yana juyawa. Ta ƙara masa kauri ta waje, sannan ta shiga cire cikin. Na tambaye ta wane irin aikin banza ne wannan, a gina abu kuma a kwashe shi.

"Mama, ai kamar duma ne," in ji ta. "Sai ya cika tukuna ake fafe shi."

Wannan na gane, don uwata fafar ƙwarya ta yi a gindin dutsen Kagoro har ta tsufa. 'Yar ta nuna mini bangon da ya rage. In ya yi kauri zai yi masa nauyi, in ya yi siriri zai fashe. Daidai inda ƙashi ya turo, ta bar ɗan lungu don kada ya goge shi. A wannan lungun ta fi daɗewa.

Ta tura aikin Kaduna, inji ya fitar da shi da roba, aka haɗa, ya iso cikin kwali a motar haya. Lokacin damina ta yi nisa. Ya zura dungun, sai ya riƙa yawo a ciki kamar muciya a babbar tukunya. Ta ce dama dungu yakan motse, a ƙara safa. Muka yi ta ɗora safa bisa safa. Amma ni ke kwashe kwanonsa, na ga yadda tuwon acca ke dawowa. Ba dungun kaɗai ke motsewa ba. Ita ma ta sani, na gani a yadda ta daina kallon fuskarsa.

Ta sake ɗaukar hoto, ta sake fafewa. Kafin ƙafa ta biyun ta iso, ya rame ya wuce ta.

"Ke 'yar nan," ya ce, "kina bina a baya kamar jirgin kaya. Bar shi haka."

"Saura kaɗan, Baba."

Ranar godiya da safe ya sa aka ɗaura masa ta biyun. Ya dafa kafaɗata ya miƙe a baranda, ya tsaya, har ya gyara hularsa. Da ya ɗaga ƙafar zai taka, sai ta zame ta tsaya a ƙasa ita kaɗai. Ya koma kujera. Ya ce in kai cittar. Na kai, matan zumuntar coci suna rawa a gabana da bayana, ni tafiya kawai na yi. Bai kai Kirsimeti ba.

Ranar biso ƙannensa suka ce a sa ƙafar a akwati, ya tafi cikakke. Na ba su ta biyun. Suka nemi ta farkon ma, na ce ba a taɓa mini ita. Suka yi gunaguni, ban ko dube su ba.

Ta farkon ita aka auna tun yana da nama a jiki. Tana bayan ƙofar ɗakina. In na zo shara nakan zura hannu ciki, in lalubo lungun nan da aka bar wa ƙashinsa, sannan in ci gaba da sharata.