Manomin da Ya Girbe Ƙasa da Sifili

Ko na yi ritaya ba zan manta da ranar Talatar nan ba, ranar da na shiga zauren taron ofishinmu na tarar da ƙaryata rataye a bango, ta fi ƙofa tsawo, ga sunana a ƙasanta da manyan baƙaƙe. Ku sababbin shiga da kuke cewa ina da masifa in na ga zane babu alama a kansa, ku gyara zama ku ji inda masifar ta samo asali.

Lokacin ina ƙaramin jami'in ƙididdiga a wani ofishin tallafa wa manoma a nan Sakkwato, ina cikin shekarata ta biyu. Ga wanda bai san tsarin ba, sai ka shekara biyu ana kallon take-takenka kafin a ba ka takardar tabbatar da aiki. Kafin ta fito, kuskure ɗaya ya isa a ce ka kwashe komatsanka. Tawa tana kan teburin Daraktanmu, Alhaji Sahabi, sa hannu kawai take jira. Kullum na wuce ƙofarsa sai na leƙa in ga ko fayil ɗin ya motsa.

Aikin da ke gabanmu a kakar nan shi ne mu gano dami nawa na gero kowace gona ta bayar a ƙauyukan da muke kula da su. Da wannan rahoton ne masu ba mu tallafi za su san inda za a kai irin gero mai saurin nuna. Madam Rifkatu ce shugabar masu zagaya ƙauyuka. 'Yar Filato ce, amma ta fi shekara ashirin a unguwar Minanata, Sakkwatancinta ya fi nawa gishiri. Ita da mutanenta suka fita da takardun tambayoyi, ni kuma aka bar ni da kwamfuta ina jiran su dawo.

To, akwai wata dabara da mu masu ƙididdiga muke yi, kuma ba laifi ba ce. Kafin bayanan gaskiya su iso, kana iya sa manhajar lissafi ta ƙirƙiro maka lambobin gwaji, don ka ga ko umarnin da ka rubuta yana aiki. Sai ka gaya mata gonaki nawa kake so, matsakaicin girbinsu nawa ne, kuma yaya za su warwatsu sama da ƙasa. Na ce mata gona ɗari huɗu, matsakaici dami talatin. Kafin in ɗauke yatsana ta zubo min manoma ɗari huɗu waɗanda ba a taɓa haifa ba. Sannan na sa ta zana histogiram, wato sanduna a jere, kowace sanda tana nuna gonaki nawa ne suka sami dami kaza zuwa kaza. Irin waɗannan lambobin kullum siffa ɗaya suke bayarwa: tudu a tsakiya, yana gangarowa daidai hagu da dama, kamar ƙwarya a kife. Na ɗora masa jan layi ya bi tudun luf. Na ba shi take na gaske, “Girbin Gero a Gonakinmu”, don haka zai fito a rahoto. Kalmar “gwaji” kuwa ban rubuta ta ko'ina ba.

Ina cikin sha'awar abina sai na ji ƙamshin turare a bayana. Alhaji Sahabi ne.

“Kai! Nasiru, kai kay yi wanga?”

“Ni ne, ranka ya daɗe.”

“Masha Allahu! Wanga shi na aiki. Dubi yadda yaz zauna daidai. Buga man guda.”

Jama'a, a nan ne ya kamata in ce, “Ranka ya daɗe, na gwaji ne.” Kalma shida kacal. Amma shekara biyu ina ofishin nan mutumin nan bai taɓa ce min ko sannu da aiki ba, yau ga shi yana dafa kafaɗata. Daɗi ya rufe min baki. Na buga, na miƙa masa da hannu biyu, har da rusunawa. Na ce a raina in na gaskiya ya zo ai sai in musanya, wa zai sani?

Bayan mako uku Madam Rifkatu ta dawo, ta yi baƙi ta rame, ta dire min takardu cike da kwali biyu. Na shigar da su, na danna umarnin nan dai. Abin da ya fito, wallahi sai da na cire tabarau na goge. Babu ƙwarya babu dalilinta. Tudu biyu ne, babba a dama, ƙarami a hagu can kusa da sifili. Kuma a kan goma, ashirin, talatin, arba'in, sanduna sun yi tsiri-tsiri sama, tsakaninsu kuma wawakeke.

“Madam, anya mutanenki ba a gindin bishiya suka cike takardun nan ba?”

Ta kalle ni sama da ƙasa. “Malam Nasiru, ka taɓa tsayawa a bakin rumbu? Manomi goma-goma yake ƙirga daminsa, saboda a kowane goma zai fid da ɗaya na zakka. Ka tambaye shi, zai ce maka talatin ko arba'in. Ni da nake zuwa coci na san wannan, kai da kake sahun gaba ba ka sani ba?”

Na sa mummunan zanen a rahoto, na rubuta bayani, na kai ofishin Darakta. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ranar Talatar da masu tallafi za su zo, na sauka daga keke tun daga unguwarmu Runjin Sambo sanye da sabuwar shadda, na shiga zaure, sai ga kifaffiyar ƙwaryata. Ashe Alhaji ya aika da takardar nan an buga ta a kan ƙatuwar leda irin ta tallar 'yan siyasa. A ƙasa an rubuta sunana da muƙamina. Madam Rifkatu tana tsaye a gabanta, ta riƙe ƙugu.

“Malam Nasiru, ina manomana?”

Na ruga ofishin Darakta. Na same shi yana gyara hula a madubi.

“Ranka ya daɗe, zanen da ke bango ba na gaskiya ba ne. Kwamfuta ce ta ƙirƙiro lambobin. Na gaskiya yana cikin rahoton da na kawo.”

“Wane? Wancan mai kama da bakin tsoho? Ni na ɗauka injin bugawa ne yal lalace.” Ya juyo a hankali. “Mi ya hana ka hwaɗi tun rannan?”

Na sunkuyar da kai.

Aka ji ƙarar motoci a waje. Alhaji ya ɗora tafin hannunsa a kan wani fayil da na sani sarai, ya ce, “Baƙi sun iso. Ka zamna ka yi shiru har su tahi. Zane dai zane na. In ka kunyata ni gaban mutane, kai ka sani.”

Kun ga inda na tsinci kaina. In na yi magana, Darakta ya yaga takardata. In na yi shiru aka gano, sunana ne a ƙasan ledar, kuma a aikinmu babu laifin da ya kai ƙirƙirar bayanai. Na zauna a kujerar baya, shaddar nan ta jiƙe sharkaf da gumi tun ba a buɗe taro da addu'a ba.

Cikin baƙin akwai wani dattijo, Malam Ladan, tsohon malamin gona da ya yi ritaya, masu tallafi suka ɗauko shi don ya riƙa duba musu rahotanni. Ɗan siriri ne, rigarsa ko aiki babu. Alhaji ya tashi ya yi jawabi, yana nuna ledar da sanda, yana cewa manomanmu sun daidaita, yawancinsu suna tsakiya, babu wanda aka bari a baya. Aka tafa. Malam Ladan bai tafa ba. Ya tashi ya je gaban ledar, ya goya hannu a baya, ya bi ta daga dama zuwa hagu kamar mai duba kunya a gona. Da ya kai ƙarshen hagu sai ya tsaya, ya duƙa.

Ni ma sai a lokacin na gani. Wata 'yar guntuwar sanda ce, ta tsallake sifili ta koma bayansa. Kwamfuta ba ta san gero ba. An ce mata ta warwatsa lambobi hagu da dama, ta warwatsa, har ta ba wani bawan Allah ƙasa da babu.

“Alhaji,” in ji Malam Ladan, “wanga manomi na nan ƙarshe, wane gari yake? Ina son in tai in yi mai jaje.”

“Wane, Malam?”

“Wanga da yag girbe dami biyar ƙasa da sifili.”

Alhaji ya matso ya leƙa. Ni na san shi, bai taɓa rasa amsa ba. Ya gyara murya ya ce, “Ai Malam ka san bana an yi tsuntsaye.”

“Ƙwarai an yi. Wato sunka cinye abin da yash shuka, sannan sunka ƙara da dami biyar da bai shuka ba?”

Wani daga cikin baƙin ya fashe da dariya, ya mayar da ita tari. Madam Rifkatu ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa. Malam Ladan bai ko murmusa ba. Ya ce shekara talatin yana ƙirgar dami, bai taɓa ganin ƙauyen da girbinsa ya yi sumul haka ba. Sannan ya karanta sunan da ke ƙasa, ya ce, “Wa ne Nasiru?”

Na miƙe. Alhaji yana hararata, amma na riga na gaji da tsoro. Na ce, “Ni ne, Baba. Manomin nan babu shi. Duk ɗari huɗun babu su. Ni na sa kwamfuta ta ƙirƙiro su don gwaji, ban rubuta gwaji a kai ba. Da Darakta ya yaba, daɗi ya hana ni faɗa masa. Laifina ne.”

Malam Ladan ya ce in kawo kwamfutar ya ga yadda ake yi. Na kawo, na danna, sabuwar ƙwarya ta fito. “Sake,” in ji shi. Na sake, wata ta fito. “Sake.” Sai da muka yi sau biyar. Ya girgiza kai ya ce, “Ikon Allah. Manoma dubu biyu, babu wanda yaj ji rana.” Sannan ya ce, “To ɗana, nuna man na masu jin rana.”

Na buɗe mummunan zanen, ina jin kunya kamar zan nutse. Dattijon nan ya kalle shi, fuskarsa ta washe.

“Yauwa! Ga mutanena.” Ya bi tsirin sandunan da yatsa. “Goma, ashirin, talatin. Ga zakka nan.” Ya juya ga Madam Rifkatu ya ce, “Ke kinka tai?” Ta ce ita ce. Ya ce, “An gani.” Daga nan ya ɗora yatsa a kan ƙaramin tudun hagu ya tambaye ta su wa ke nan. Ta lissafo masa ƙauyukan da ruwan sama ya ɗauke musu lokacin da gero yake tsakiyar fid da kai. Ya ce to nan za a kai iri. Sannan ya waiwayi ledar bango ya ce, “Wancan kyakkyawan, ina yaɓ ɓoye waɗanga mutane?” Ni dai a nan dariyar ta fita daga raina, don da na yi shiru, da an raba iri daidai wa daida, waɗanda rumbunsu ke wayam su sami ɗan abin da bai kai ya kawo ba.

Ban tsira haka kawai ba. Washegari aka ba ni takardar tuhuma, na amsa ta shafi biyu. Alhaji ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata, takardar tabbatarwata kuma ta ƙara wata shida a kan teburinsa. Abin da ya cece ni shi ne layi ɗaya da Malam Ladan ya rubuta a rahotonsa, cewa bayanan ofishin sahihai ne, kuma jami'in da ya yi kuskure shi ya tashi da bakinsa ya faɗa. Ranar da Alhaji ya sa hannu, ya miƙo min ba tare da ya ɗago ba, ya ce, “Ka gaishe man da manominka.”

Tun daga nan duk zanen da na yi da lambobin gwaji sai na rubuta GWAJI da ja a tsakiyarsa, ƙato, yadda ko daga bakin ƙofa za a gani. Kuma in ɗayanku ya kawo min zanen da ya yi kyau sosai, ba na yaba masa, sai in ce ya kawo takardun in gani. Mutanenmu ba sa jeruwa sumul. Ruwa yana sauka a wannan gari ya tsallake wancan, manomi yana ƙirga goma-goma, mai tambaya yana gajiya. In duk wannan bai bar tabo a zanenka ba, to ba mutane ka zana ba.

Ledar kuwa ba a yar da ita ba. Da damina ta kusa, direbanmu ya rasa abin rufe buhunan iri a bayan mota, ya ciro ta daga sito. Ni na raka kayan, da umarnin Madam Rifkatu, wai in ga bakin rumbu da idona. A ƙauye na ƙarshe wani tsoho ya roƙi ledar, ya ce za ta yi masa shanya. Da kaka ta zagayo na koma da takardun tambayoyi a hannuna, na tarar da ita shimfiɗe a ƙofar gidansa, gero ya rufe ƙwaryar, ya rufe jan layin, ya rufe sunana. Na tambaye shi dami nawa ya samu bana.

Ya ce arba'in. Na rubuta arba'in.